Fuskar bolta da dunƙulalliyar turjiya: Abubuwa biyu da ya wajaba a sani kafin a haɗa wayar lantarki

A unguwar Dawaki, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Gombe, kamar a sauran biranen Arewa, ba abin mamaki ba ne a tarar da wuta iri biyu a gida ɗaya ko shago ɗaya. Akwai wadda kamfanin rarraba wutar lantarki na Jos, wato JED, yake kawowa, akwai kuma ta batir da farantin sola da inbata, wadda ake komawa gare ta idan an ɗauke ta farko. Yawaitar irin wannan haɗe-haɗe ya sa aikin waya ya fita daga hannun ƙwararru kaɗai, ya shiga hannun masu cajin waya, da makanikai, da ɗalibai, da magidanta.

Kusan duk ɓarnar da kan biyo bayan haɗin da ba a yi daidai ba, daga ƙonewar inbata zuwa narkewar soket, tana komawa ne ga tambayoyi biyu. Ta farko: wane kai ne na tarawa, wane ne na ɗebewa? Ta biyu: idan aka dunƙule duk kayan da aka jona, nawa ne turjiyar da tushen wutar zai fuskanta? Su ne kuma tambayoyin da ɗalibin Fiziks yake cin karo da su a jarrabawar WAEC da NECO da NABTEB.

Ma'aunai uku da dokar da ta ɗaure su

Wutar lantarki ba ta aiki sai ta sami hanya rufaffiya: ta fito daga tushe, ta ratsa kayan aiki, ta koma tushe. Wannan hanya ita ce da'irar lantarki. A cikinta ana auna abubuwa uku.

Bolta shi ne ƙarfin turi, ana auna shi da bolt. Misalinsa tankin ruwa da aka ɗora a bisa: iya tsawon da aka ɗaga shi, iya ƙarfin da ruwan zai sauko da shi. Kwarara ita ce yawan wutar da ke wucewa cikin waya a kowace daƙiƙa, ana auna ta da ampiya. Turjiya kuwa ita ce gardamar da waya ko na'ura ke yi wa wucewar wutar, kamar yadda siririn bututu ke hana ruwa gudu, ana auna ta da om, alamarta Ω.

Sunayen uku duk na mutane ne. Alessandro Volta ɗan Italiya shi ya ƙera batir na farko a 1800. André-Marie Ampère Bafaranshe ne da ya yi bincike kan alaƙar lantarki da maganaɗisu. Georg Simon Ohm kuma malamin makaranta ne a Jamus, wanda a 1827 ya wallafa dokar da ake kira da sunansa. Taron masana lantarki na duniya da aka yi a Paris a 1881 ya amince da bolt da ampiya da om a matsayin ma'aunai.

Dokar Ohm gajeriya ce: bolta daidai yake da kwarara sau turjiya, ana rubuta ta V = I × R. Idan aka jona na'ura mai om 6 a batir mai bolt 12, ampiya 2 za su wuce. Idan turjiyar ta ragu zuwa om 3, kwararar ta ninka zuwa ampiya 4. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan lissafi ya ginu.

Mene ne fuskar bolta?

Bolta ba ya zama a wuri ɗaya shi kaɗai. Kullum bambanci ne tsakanin wurare biyu, kamar yadda ba a cewa wuri tudu ne sai an kwatanta shi da kwari. Wannan ya sa tsuntsu kan sauka a kan wayar babban layi ya tashi lafiya: ƙafafunsa biyu suna kan waya ɗaya, babu wani bambancin bolta na a zo a gani tsakaninsu.

Fuskar bolta ita ce ke bayyana wanne daga cikin wuraren biyu ne tudu. Ana sa wa tudun alamar tarawa (+), kwarin kuma alamar ɗebewa (−). Masu aikin waya suna kiran su fositif da nagetif, ko kuma ja da baƙi, saboda launin wayoyin da aka saba amfani da su a batir.

Benjamin Franklin na Amurka ne ya shigo da waɗannan alamu biyu a 1747. Daga baya aka ɗore kan al'adar cewa wuta tana fita daga kan tarawa, ta zaga, ta koma ta kan ɗebewa. A 1897 J. J. Thomson na Jami'ar Cambridge a Ingila ya gano ƙwayar ilaktiron, aka fahimci cewa a cikin wayar ƙarfe ƙwayoyin suna tafiya ne daga kan ɗebewa zuwa kan tarawa. Duk da haka ba a sauya al'adar ba, domin lissafi yana fitowa daidai muddin an riƙe tsari ɗaya daga farko har ƙarshe. Kibiyar da ake zanawa a littattafai da taswirar na'urori tana bin tsohuwar al'adar ne.

Ƙa'idar sa alama a taswira ita ce: a kan duk abin da ke cin wuta, kamar ƙwan fitila ko hita, kan da kwarara ta shiga ta cikinsa shi ne na tarawa, wanda ta fita shi ne na ɗebewa. A kan abin da ke ba da wuta kuwa, kwarara tana fita ne ta kan tarawa. Batir yana iya zama ko wanne daga cikin biyun. Idan yana kunna fitila, mai bayarwa ne. Idan ana cajinsa, kwarara tana shiga ta kansa na tarawa, ya koma mai karɓa. A ɗauka caja tana ba da bolt 14.4, batirin yana kan bolt 12.4, turjiyar hanya kuma om 0.2 ce. Tun da kan tarawa na fuskantar kan tarawa, bambancin bolt 2 ne ke tura wutar, sai ampiya 10 su shiga batirin.

Ɗalibai da yawa kan firgita idan amsarsu ta fito da alamar ɗebewa, misali bolt −4. Wannan ba kuskure ba ne. Ma'anarsa kawai fuskar da aka zata tun farko a juye take: girman bolt 4 ne, amma kan da aka ɗauka tudu shi ne kwari. Haka ma multimita: idan aka ɗora jan tsinke a kan ɗebewa, baƙi a kan tarawa, za ta nuna −12.6 maimakon 12.6. Da wannan ne ma ake gane kawunan batir ko wayar sola da alamarsu ta goge.

Dokokin Kirchhoff

A 1845, Gustav Kirchhoff, yana ɗalibi a Jami'ar Königsberg, ya fitar da dokoki biyu da har yau ake warware da'ira da su. Ta farko ta ce a kowace mahaɗa, jimlar kwararar da ta shigo daidai take da jimlar wadda ta fita, domin wuta ba ta taruwa a mahaɗa kuma ba ta ɓacewa. Ta biyu ta ce idan aka zaga rufaffiyar hanya aka dawo inda aka fara, jimlar hawa da saukar bolta sifiri ce, kamar mutumin da ya hau dutse ya sauko ya koma ƙofar gidansa. Doka ta biyu ba ta aiki sai an kiyaye fuskar kowane bolta, ana tara na hawa, ana ɗebe na sauka.

Tocila ta isa misali. Batura uku masu bolt 1.5, kan wannan a gindin wancan, suna ba da bolt 4.5. Idan aka juya ɗaya, lissafin ya zama 1.5 + 1.5 − 1.5, saura bolt 1.5 kacal. Batura ukun lafiyarsu ƙalau, amma tocilar ba za ta yi haske ba.

Dunƙulalliyar turjiya

Batir ko janareta ba ya sanin adadin kayan da aka jona masa. Abin da yake ji shi ne nauyinsu gaba ɗaya. Dunƙulalliyar turjiya ita ce turjiya guda wadda idan aka cire duk kayan aka sa ta a madadinsu, tushen zai ci gaba da ba da kwarara iri ɗaya. Yadda ake lissafa ta ya danganta da irin haɗin.

A haɗin jere, ƙarshen wannan na'ura ne ke shiga farkon waccan, hanya ɗaya ce tal, kwarara ɗaya ke ratsa kowa. Kamar shingayen bincike ne a kan titi: duk motar da ta taso sai ta tsaya a kowanne, jinkirin kuma taruwa yake. Don haka ana tara turjiyoyin kai tsaye. Om 4 da om 8 a jere sun zama om 12. A batir mai bolt 12, ampiya 1 ce za ta wuce, ta farko ta ci bolt 4, ta biyu ta ci bolt 8, jimla 12, kamar yadda dokar Kirchhoff ta tanada. Raunin wannan haɗi shi ne idan abu ɗaya ya tsinke, duka sun mutu.

A haɗin rassa, kawunan kayan suna haɗe a mahaɗa biyu, kowanne yana samun cikakken bolta, kwarara kuma tana rabuwa. Misalinsa ƙofofin masallacin Juma'a bayan an idar da salla: duk ƙofar da aka ƙara buɗewa, komai ƙanƙantarta, jama'a za su fi saurin fita. Saboda haka ƙara reshe rage turjiya yake yi. Ƙa'idar ita ce 1/R = 1/R₁ + 1/R₂, haka har iya adadin rassan. Idan biyu ne kawai, akwai gajeriyar hanya: a ninka su da juna, a raba da jimlarsu. Om 6 da om 3 sun ba da 18 raba 9, wato om 2. A bolt 12, reshe na farko zai ja ampiya 2, na biyu ampiya 4, jimla 6, daidai da 12 raba 2.

Akwai ma'aunin gane kuskure a nan: dunƙulalliyar turjiyar rassa dole ta gaza mafi ƙanƙantar reshe. Wanda ya haɗa om 6 da om 3 a rassa ya sami amsar da ta wuce 3, ya sake lissafi. Idan kuma rassan iri ɗaya ne, sai a raba turjiyar ɗaya da yawansu: huɗu masu om 20 sun zama om 5.

Yawancin da'irori gauraye ne, ana warware su mataki-mataki daga ciki zuwa waje. A ɗauka om 4 tana jere da rassan nan biyu na om 6 da om 3. Rassan sun dunƙule zuwa om 2, a tara da 4, an sami om 6. Batir mai bolt 12 zai ba da ampiya 2. Om 4 ta ci bolt 8, saura bolt 4 a kan rassan, reshen om 6 ya ɗauki kimanin ampiya 0.67, na om 3 ya ɗauki kimanin 1.33. Jimlarsu ampiya 2 ce, lissafi ya rufe.

Abin lura shi ne siffar zane tana yaudara. Abubuwa biyu suna jere ne kawai idan babu wata hanya da ta ɓalle a tsakaninsu, suna rassa ne kawai idan kawunansu biyu duka suna kan mahaɗa guda biyu. Haka kuma duk turjiyar da aka ƙetare ta da zallar waya ta fita daga lissafi, domin wutar za ta bi wayar ta bar ta.

Batura da sola: inda kuskure ya fi tsada

Batirin dalma mai ruwa, wanda ake kira na bolt 12, ɗakuna shida ne a jere, kowanne kimanin bolt 2.1, shi ya sa idan ya cika yake nuna wajen 12.6. Mai batura biyu na bolt 12 da ampiya-awa 200 yana da zaɓi biyu. Idan ya haɗa kan tarawa na ɗaya da kan ɗebewa na ɗayan, ya ɗauki wuta daga kawuna biyun da suka rage, ya sami bolt 24 da ampiya-awa 200. Idan ya haɗa tarawa da tarawa, ɗebewa da ɗebewa, ya sami bolt 12 da ampiya-awa 400. Ajiyar wutar ɗaya ce a duka biyun, amma inbata ce ke yanke hukunci: wadda aka ƙera don bolt 12 tana iya ƙonewa a kan 24, ta 24 kuma ba za ta tashi a kan 12 ba.

Mafi hatsarin kuskure shi ne a yi niyyar haɗin rassa sai a gicciya wayoyin biyu, tarawa zuwa ɗebewa ta ɓangarori biyu. An rufe da'ira ke nan mai bolt 24 wadda babu abin da ke tare ta sai turjiyar cikin baturan da ta wayar. Idan aka ƙaddara duka om 0.02 ne, lissafi ya ba da ampiya 1,200. Waya za ta yi jajur nan take, kuma iskar haidurojin da batirin dalma ke fitarwa tana iya kamawa ta fasa shi, ruwan batir ya fantsama a fuska. Wannan ne dalilin sa fis kusa da kan tarawa, da kuma ajiye batura a wuri mai iska.

Haka abin yake a mota. A kusan duk motocin zamani, jikin motar haɗe yake da kan ɗebewa. Shi ya sa makaniki ke fara kwance wayar ɗebewa idan zai cire batir, ya kuma mayar da ita a ƙarshe: idan sifana ta taɓa kan tarawa da jikin mota lokaci ɗaya alhali ɗebewa na haɗe, an yi gajeren haɗi. Wajen tayar da mota da batirin wata kuwa, ja zuwa ja ne. Juya su kan lalata altaneta da kwamfutar mota.

Ita ma wayar kanta turjiya ce da ke jere da kayan aiki. Wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 2.5 tana da kimanin om 0.007 a kowace mita. Idan tazarar batir da kaya mita 10 ce, zuwa da dawowa mita 20 ke nan, wato om 0.14. Kaya masu cin wat 240 a bolt 12 suna jan ampiya 20, wayar ta cinye bolt 2.8, kusan rubu'in abin da batirin ya bayar, wat 56 kuma su tafi a zafi. A bolt 24, ampiya 10 sun wadatar, asarar ta sauka zuwa wat 14. Wannan hikima ce ta sa ake ɗauko wuta zuwa Gombe a kan layin bolt 330,000, sannan taransifomomi su yi ta sauke ta mataki-mataki har ta isa gida, ita ma wutar tashar ruwa ta Dadin Kowa mai megawat 40 sai an ɗaga boltanta kafin ta hau layi.

Wutar gida: me ya sa soket ke narkewa?

Wutar batir da sola fuska ɗaya take bi, ita ce ake rubuta wa DC a jikin na'urori. Wutar layi da ta janareta kuwa mai kai-da-komo ce, ana rubuta mata AC. A Najeriya ma'auninta bolt 230 ne, tana yin zagaye 50 a daƙiƙa, wato fuskarta tana juyawa sau 100 a kowace daƙiƙa. Don haka babu kan tarawa na dindindin a soket.

Duk da haka wayoyin ba ɗaya ba ne. Akwai mai wuta, wadda ma'aikata ke kira layif, ja a tsohon tsari, ruwan ƙasa a sabo. Akwai nutural, baƙa a da, shuɗiya a yanzu. Akwai ta ƙasa, koriya ko koriya da rawaya. Makunni da fis dole su zauna a kan mai wuta. Idan aka sa makunni a kan nutural, fitila za ta mutu idan an kashe, amma mazaunin ƙwan yana nan da wuta, yana jiran hannun mai canza shi.

Kayan gida duka a rassa suke, shi ya sa kashe fanka ba ya kashe firji. Amma kowane abu da aka ƙara jonawa yana rage dunƙulalliyar turjiya, kwarara ta ƙaru. Dutsen guga mai wat 1,000 yana da kimanin om 53, yana jan ampiya 4.3. Butar lantarki mai wat 2,000 tana da kimanin om 26, tana jan 8.7. Su biyun sun kai ampiya 13, iyakar abin da filogi mai ƙafa uku zai iya ɗauka. Idan aka ƙara hita mai wat 1,500 a kan ekstenshan ɗin, turjiyar ta faɗo zuwa wajen om 12, kwarara ta doshi ampiya 20. Zafin waya kuma yana ƙaruwa ne da kwarara sau kanta: ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Wanda ya maye gurbin fis ɗin da ya tsinke da zaren waya ya kawar da mai gadin da ke tsakaninsa da gobara.

Jikin mutum ma reshe ne idan ya taɓa waya. Busasshiyar fata tana da turjiya mai yawa, amma da jiƙa ko gumi turjiyar jiki tana iya sauka zuwa wajen om 1,000. A bolt 230 wannan ya ba da miliampiya 230, alhali na'urar kariya da ake sa wa a gidaje don ceton rai tana yanke wuta ne a miliampiya 30.

Ƙa'idojin awo da aiki

Ana auna bolta ne da ɗora tsinken mita biyu a kawunan abin da ake aunawa, wato a rassa. Ana auna kwarara da yanke hanya a sa mitar a jere. Wanda ya bar mita a saitin ampiya ya ɗora ta a kawunan batir ya yi gajeren haɗi ta cikin mitar. Turjiya kuwa ba a auna ta sai an kashe wuta, an kuma cire ƙafa ɗaya ta abin daga da'ira, in ba haka ba mitar za ta nuna dunƙulalliyar turjiyar duk rassan da ke kewaye da shi.

Kafin a ɗaure kowace waya, a tabbatar da fuska da mita, kada a dogara da launi kaɗai, domin wani ya riga ya yi haɗi da abin da ya samu. A sola, a fara jona batir a na'urar daidaita caji kafin faranti. Kada a haɗa sabon batir da tsoho, ko masu girma daban-daban, a layi ɗaya.

Aikin wayar gida da babban haɗin sola na masu lasisi ne. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke tantance masu aikin wayar lantarki tare da duba ingancin aikin, hukumar SON kuma ke kula da ingancin wayoyin da ake sayarwa a kasuwa. Matashin da ke son zurfafa ilimin yana da makarantu a jiharsa, irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gombe da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaltungo. Ga magidanci kuwa, sanin wannan lissafi ya isa ya sa ya tambayi mai yi masa aiki kaurin wayar da zai sa, da girman fis, da boltan da inbatarsa ke buƙata, tun kafin a kunna wuta.